Baƙin Katako a Gidajen Mzee Kithome

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu, dattijonmu Mzee Kithome Mbindyo ya rasu a ɗakinsa da ke unguwar Kawangware a Nairobi, bayan ciwon ƙirji na 'yan makonni. Duk mai bin titin Ngong ya san rumfarsa ko da bai san sunansa ba. Ita ce wadda gidajen tsuntsaye ke lilo a rassan bishiyar gabanta, wani kamar coci, wani kamar rumbu, wani kamar matatu, motar hayarmu, har da kwandasta rataye a ƙofa. Ranar Asabar mai zuwa za a kai shi gida Wamunyu a binne shi kusa da mahaifinsa.

'Yarsa Kavata ce ta ce in rubuta wani abu, tunda ni ne mai karatun rumfa. Ta ce in yi gajere, in yi mai daɗi. Kavata, ki yi haƙuri, ko ɗaya ban iya ba.

Baba Kithome, da kai zan yi magana, don kai ne kake da amsata, kuma ka tafi da ita.

Ka tsince ni ina yawon neman aikin ɗaukar katako, makaranta ta daɗe da rabuwa da ni. Ranar farko ka aike ni sayen ƙusa, na daɗe ban dawo ba, ka same ni a bakin kwata ina karanta guntuwar jaridar da aka ƙunso ƙusar a ciki. Na zaci kora ce. Sai ka ce in karanta maka da ƙarfi. Da na kai inda takardar ta yage, ka tambaye ni yadda labarin ya ƙare, na ce ban sani ba, ka ce to wannan wane irin Farfesa ne. Daga ranar sunana ya ɓace a titin Ngong. Har mai kawo mana shayi da fanken mandazi ba ta san ni da Ngumbau ba, Farfesa take cewa.

Kai ba ka iya karatu ba, amma kai ka saya mini littattafaina na farko a wurin masu shimfiɗa su a ƙasa cikin gari. Da hannu kake zaɓa, ka ɗaga wannan ka ɗaga wancan, ka ɗauki wanda ya fi nauyi, wai ilimi ya fi yawa a ciki. Haka na karanta littafin gyaran tarakta daga bango zuwa bango kana goge katako kana gyaɗa kai. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ka riƙa hawo tudun unguwarmu da kwanon muthokoi, dafaffiyar masara da wake, naɗe a tsumma, kana haki, kana zagina wai na kwanta ne don in guje wa aiki. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma ba zan bari fushina ya cinye su ba.

Sana'ar ma kai ka koya mini, kuma da doka ka koya mini ita. Waje na mai saye ne: a yi masa hasumiya, a yi masa baranda, a shafa ja da shuɗi yadda idonsa ke so. Ciki kuwa na tsuntsu ne. Ba a shafa fenti a ciki, don warinsa yana kashe 'ya'ya. Ana huda ƙasan don ruwa ya tsiyaye. Ba a kafa ɗan sanda a bakin ƙofa komai kyan da zai yi, don tsani ne ake kafa wa hankaka. Bayan gidan kuma ya buɗu da 'yan ƙananan turaku, don a share in an gama ƙyanƙyasa. Faɗin ƙofa da murfin kwalba kake auna shi, kuma wannan murfin yana aljihunka har ranar da ka kwanta. Sau nawa na ga ka bar ciniki ya wuce don mai saye ya ce a toshe ƙofa kada tsuntsaye su ɓata masa ciyawa? Kakan ce masa ya ƙara gaba, akwai masu sayar da ƙarya a can ƙasa. Irin waɗancan gidajen, masu ƙofa a ido da katako a baya, akwatin gawa mai fenti kake kiransu.

Ɗaya daga cikin masu sayar da ƙaryar nan yayana ne, Nzomo, uwa ɗaya uba ɗaya. Rumfarsa tana gangare, yana da injin yanka, yana da 'ya'ya uku, kuma abin da otal-otal suka ce shi yake yi musu. Ka san abin da ya faru tsakaninmu, don a gabanka aka yi. Ya zo aron abin matse katako riƙe da wani gidan tsuntsu, yana wasa ya ce mini tsuntsu bai taɓa biyan kowa kuɗin haya ba. Ni kuwa na buɗe baki da kalmominka. Na kira shi maƙerin akwatin gawa a gaban yaransa na aiki da masu jiran mota, na ɗauki gidan da ya riƙo na buga da ƙasa. Ya tsince gutsattsarin ya tafi. Na juyo gare ka, ka ɗora hannu a kafaɗata. Wannan hannun ya ishe ni shekara biyu. Kirsimeti biyu mahaifiyarmu tana zuba mana abinci a ɗaki daban-daban tana share hawaye da gefen zani, ni kuwa ina ganin jarumta nake yi.

Bara sai ga Madam Nyokabi, mai lambun nan na unguwar Karen inda ake shagalin aure. Gida arba'in take so, a kan dogayen turaku, a jere tun daga ƙofar shiga har bakin tafki. Ba mu taɓa samun aiki irin wannan ba. Wata uku muna yi, kuma ban taɓa ganin hannunka ya yi kyau kamar lokacin ba. Akwai mai kamar tashar jirgin ƙasa, akwai mai kamar shagon aski, akwai bukkar kakarka da ka yi wa jinka da zaren sisal ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo makon kafawa sai ka ce in tafi garin Kibwezi in nemo mana itace, wai a can ya fi araha kuma ni kaɗai ka yarda da idona. Na tafi ina jin kaina.

Ranar buɗewa ka sa kwat ɗin da kake zuwa coci. A bakin hanya an kafa allo na ƙarfe mai ruwan zinariya. Ka ja ni gefe, ka ce, “Farfesa, me aka ce a nan?” Na karanta maka: Mzee Kithome Mbindyo, mai gina wa tsuntsaye gida. Ka ce in sake. Na sake. Ka ce in nuna maka daidai inda Kithome yake, na ɗora yatsanka a kai, ka bi haruffan kamar mai shafa kan jariri. Shekara saba'in da wani abu, ranar ka fara ganin sunanka a jikin wani abu da ba katin asibiti ba. Na juya baya don kada ka ga idona. Gidajen suna can sama, ƙofofinsu baƙi ƙirin, gwanin kyau. Ban ɗaga tsani ba. Me zai sa in ɗaga?

Kwana biyu bayan rasuwarka aka yi ruwa da iska, turke ɗaya ya karkace, mai kula da lambun ya kira ni. Na tafi da murna a cikin baƙin cikina, ina cewa yanzu damina ce, zan ga tsuntsaye, jikokinka, sun cika gidajen, in zo in ba Kavata labari. Tun kafin in jingina tsani na lura da busasshiyar ciyawa da gashin kaza zube a gindin turken. Na duba na gaba, haka. Na gaba ma haka. Ina tsaye sai ga gwara da ciyawa a baki, ta sauka a bakin ƙofar shagon askin nan, ta tura kai, kan ya dawo. Ta sake turawa. Ciyawar ta faɗo ƙasa kan 'yan'uwanta, ta tashi ta tafi neman wata.

Na hau na sa yatsa. Ko gaɓa ɗaya bai shige ba. Katako ne, an shafe shi da baƙin fenti.

Baba, na nema maka uzuri, Allah Ya sani. Na ce wani ne ya bi bayanka ya yi. Na zare turakun baya na leƙa, sai ga ƙusoshinka, biyu-biyu a karkace suna kallon juna, yadda kake bugawa tun da zarto ya ɗauke maka kan babban yatsa. Babu mai buga ƙusa haka a duk Nairobi. Na ɗauki tsani na bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin tafki, ina fatan ko guda ka bari a buɗe, ko ka yi wa wani sako-sako don damina ta ɓalle shi. Babu. Aiki ne mai kyau, irin naka, zai yi shekara ashirin bai motsa ba.

Madam Nyokabi ta fito ta yi mini ta'aziyya, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Da na tambaye ta, ko ɓoyewa ba ta yi ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ce ba za ta iya barin kashin tsuntsu ya sauka a kan farar rigar amarya ba, ita raga ta ce a sa. “Mzee ne ma ya ce raga za ta fito a hoto,” in ji ta. “Shi ya kawo dabarar baƙin katako. Mutum ne mai basira.”

Na wuce Kawangware kai tsaye. Kavata tana tsakar gida da matan coci suna tsince wake. Da ta ga fuskata ta ja ni bayan ɗaki. Ta sani. Ta ce ka hana a gaya mini. Ta ce tun da aka yi maka maganar allon nan ba ka ƙara barci sosai ba, kana cewa duk waɗanda kuka fara sassaƙa tare sun mutu ba wanda ya san sun taɓa riƙe wuƙa. Na ce to wa ya yanka katakan, tunda ba mu da inji? Ta ce in je in tambayi yayana.

Na sami Nzomo a rumfarsa yana cin rogo gasasshe. Shekara biyu ban taka wurin ba. Ya matsa mini a benci kamar jiya muka rabu. Ya ce ranar da na hau motar Kibwezi, da yamma ka gangaro wurinsa da murfin kwalbarka, ka kasa haɗa ido da shi, shi kuma bai tambaye ka komai ba, ya kunna inji. Na ce masa shekara guda yana riƙe da abin da zai rufe mini baki har abada, ina wucewa ina tofar da yawu, me ya hana shi jefa mini?

Ya ɓare rogon biyu ya miƙo mini rabi. “Kai ɗin nan, Farfesa? Ka riga ka yar da ni. In na ƙwace maka tsohon kuma, wa zai rage maka?”

Wannan shi ne mutumin da ka bari na kira maƙerin akwatin gawa.

Ba toshe ƙofar ce ta fi ci mini rai ba, Baba. Tsufa ne, da son a san ka, kuma wa ya isa ya ce ba ya so? Da ka zaunar da ni ka ce Farfesa, na gaji, ina son in ga sunana kafin in mutu, da na yi ihu, da na zage ka, wataƙila da na riƙe maka katakon ma. Amma ka tura ni Kibwezi. Ka dawo ka sa ni na karanta maka allon da bakina, har da ɗora yatsa. Bayan haka kuma ka yi shekara guda kana kallona ina ɗauke kai in na hango ɗan'uwana, kana da kalma ɗaya da za ta mayar da ni gidanmu, ka haɗiye ta don kada girmanka ya ragu a idon yaro ɗaya. Wannan ce ba ta wuce mini ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta wuce don ana makoki ba.

Kavata ta roƙe ni in yi gidan da za a kafa a kan kabarinka. Na ce a'a, na kwana, na ce to. Rumbu ne, irin na Wamunyu. Waje na yi masa duk adon da ka koya mini, ciki ko ɗigon fenti babu, an huda ƙasa, babu sanda a baki. Ƙofar kuwa Nzomo ne ya huda ta da injinsa, da murfin kwalbarka muka auna. Da ya gama ya zura yatsa har ƙarshe, ya ce in zura nawa in tabbatar, kada in je in rubuta shi a jarida. Ranar Asabar mota ɗaya za mu shiga, mahaifiyarmu a tsakiya. Dokarka gaskiya ce ko da kai ka karya ta, ni zan ci gaba da riƙe ta, amma ba zan ƙara fasa wa kowa kaya a kanta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Mama Kavata, da Kavata da ƙannenta, da jikoki, da dangi na Wamunyu, da dukan masu sana'a na titin Ngong. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda tsohon ya saba tsayawa.

Kai kuma Baba, Allah Ya jiƙanka. Ya ba ka ladan littattafan nan masu nauyi, da kwanon muthokoi, da dubban 'ya'yan tsuntsayen da suka ƙyanƙyashe a gidajenka na shekara da shekaru. Ya yafe maka arba'in ɗin nan, ni ma Ya sanyaya mini zuciya in yafe. In ka isa ƙofar rahamarSa da ɗan abin da ka riƙo, Allah Ya sa ka tura kai ka ji ya shige. Amin.

Ngumbau Muli
Titin Ngong, Nairobi