Baraun Aliero da Tagar Inna

Ana sanar da jama'ar Jega, babba da yaro, cewa tagar nan da ke jikin ɗakin gabas na gidana halattacciya ce. Sarkin Magina ya duba ta, duba-gari ya auna ta da sandarsa, an kuma shaida wa Hakimi. Mutum ɗaya ne tak ya taɓa yin jayayya a kanta, shi ne kuwa muka kai makwancinsa ranar Talata, shida ga watan Sha'aban na shekarar 1356, bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Barau, manomin albasa, mutumin Aliero, bayan 'yar gajeruwar jinya.

Barau, ba zan ce kana da sauƙin kai ba, domin masu karanta wannan sun san ka. Amma duk wanda mutuwa ta shiga gidansa a unguwar nan, kai ne na fari a bakin kabari da fartanya, kuma babu tukunyar da ta rasa albasa a layinmu tun da ka tare.

Rigimarmu ta faro ne shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, Nasara suka ce kowane ɗakin kwana a huda masa taga. Mahaifiyata, Inna Hindu, tana fama da fuka, ɗakinta kuwa ba ya da mashigar iska sai ƙofa. Da rana ta yi tsaka sai ka ji numfashinta daga zaure. Bango ɗaya ne iska ke bugowa, shi ne mai fuskantar tsakar gidanka, inda iyalinka ke daka da girki.

Hukuma biyu ce a kan taga. Dalhatu duba-gari ya ce in ba ta kai kamu guda ba, a wurinsa ramin ɓera ce. Sarkin Magina Attahiru kuma yana da tasa ƙa'ida ta tun kaka da kakanni: a cire tubali ɗaya, a kifa turmi a cikin ɗaki, mutum ya hau ya leƙa. In ya hangi cikin gidan maƙwabci, a toshe. Sarki ya hau, ya yi ɗage, ya ce shi sararin Allah kawai yake gani. Har na fara godiya sai ka yi gyaran murya.

"Sarki, ba raini ba, kai ko bisa raƙumi anka aza ka, mi za ka gani? A samo mai tsawo."

Ka aika Andarai ta ƙasar Maiyama aka zo da ɗan'uwanka Gambo, wanda sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Ya hau turmin, ya sauko da sauri yana istigfari, ya ce har miyar da ke kan murhu ya gani, kuka ce. Aka mayar da tubalin. Na koma na zazzage littattafan fiƙihu ina neman hujjar da zan kayar da kai, na tarar malaman nan duk kamar a Aliero aka haife su. Muka daina gaisawa, sai dai ɗaga hannu.

Wata ranar bazara ka yi sallama ka ce ka zo gaida Inna. Ka zauna a ɗakin nan gumi yana zubo maka, kana sauraron yadda take jan numfashi. Ta ce maka, "Barau, kar ka damu, sauran kaɗan ne." Ka ce, "Inna, ki bar wagga magana." Ka fita ba ka ko dube ni ba.

Washegari na ji ana kafa itace a bayan bangon. Rudun albasarka, wato rumfar da kake jibge amfanin shekara a kai, ka tayar daga inuwar da ta dace da shi, ka kafa shi dogo daidai saitin ɗakin Inna. Iska tana ratsa karan, ido ba ya wucewa. Kai da kanka ka kira Sarkin Magina da duba-gari, ka sake sa aka taso Gambo. Ya hau turmi ya daɗe yana leƙe, ya ce, "Albasa dai. Sama albasa, ƙasa albasa." A ranar aka huda tagar.

Tun daga nan gidana, da rigunana, da littattafaina, babu abin da ba ya warin albasa, har yaran makarantar da nake koyarwa suna jin zuwana kafin su gan ni. Na yi maka ƙorafi, ka ce iska aka ce a ba ni, ba a ce mai ƙamshi ba. Inna kuwa ta ƙara shekaru tana zama a gindin tagar nan tana jan tasbaha, har ta cika cikin sauƙi. Indararon sorona a kan rudun yake zuba, kowace damina sai wani sashe ya ruɓe. Ina gani kana kwashewa kana zubarwa, ba ka taɓa ɗaga maganar ba, ba ka kuma mayar da shi tsohon wurinsa ba ko bayan rasuwarta.

Allah Ya jiƙanka, Barau, Ya yalwata maka kabarinka kamar yadda ka yalwata wa tsohuwa numfashi, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta iyalinka. Ina yi wa mai ɗakinka Yalwa, da ɗanka Surajo da ƙannensa, da Gambo, da dangi na Aliero da Maiyama ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Na sha gaya maka ta kan katanga cewa ranar da ka bar unguwar nan zan huta. Ban faɗi daidai ba.