Yadda Na Ɗauko Rawar Ƙoƙo Daga Miga

Asabar: Dutse zuwa Jahun

Na bar gidana a Yalwawa ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, gari bai waye ba. A jakata akwai littafin rubutu sabo, biro biyu, da goro da sukari da sabulu na tsaraba. Matata Asabe ta rako ni har zaure tana maimaita mini cewa kada in bar komai, in rubuto duka.

Abin da zan rubuto rawa ce. A danginmu, ranar kamun amarya mata sukan rufe ƙofa, a kifa ƙwarya a ruwa ana kaɗawa, amarya ta ɗaura jigida, a ɗora mata ƙoƙo cike da ruwa a ka. Sai ta yi rawa da ƙugu kaɗai, kafaɗa ba motsi, ruwa ba zuba. Rawar ƙoƙo muke ce mata, kuma namiji ba ya gani. 'Ya'yana biyu na aurar ba a yi ba, don babu wadda ta iya a Dutse. Ta ukun, Rakiya, saura mako uku bikinta, ta ce ita tana so. Wadda ta rage da sanin rawar ita ce Gwaggo Dije, yayar mahaifina, a wani ƙauye bayan Miga.

Amarya mai shirin biki ba ta yawon mota, Asabe kuma hidima ta yi mata yawa. Ni kuwa shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci, kuma na sha faɗa a gida cewa babu abin da biro ba ya ɗauka. Bakina ne ya jawo mini wannan tafiya.

Motar Jahun ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Kuɗin mota naira ɗari. Shekarar da aka fara shari'a ce, saboda haka direba ya jera mata a baya, maza a gaba, wata tsohuwa tana ta mita an raba ta da kajinta. Kafin Kiyawa 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa but ɗin mota, suka sake mu. A Kiyawa na sha koko da ƙosai na naira ashirin. Mun isa Jahun tara da rabi.

Jahun zuwa Miga

Daga nan a-kori-kura na samu, na zauna a kan buhun gishiri. Taya ta fashe mana sau ɗaya, muka yi kusan awa a inuwar tsamiya. Mun shiga Miga sha biyu saura kwata. Wani mai acaɓa ya ce naira sittin zai kai ni ƙauyen, na ce hamsin, ya ce in na ga yashin hanyar da kaina zan ƙara. Minti arba'in muka yi, sau biyu ina sauka ina turawa. Na ba shi sittin.

Bello ɗan Gwaggo ne ya tarbe ni, matarsa Hansai ta kawo fura da nono. Gwaggo ta haura tamanin, ido ya tafi, gwiwa ta ƙi, amma kunne da baki suna nan yadda na san su. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini. Ina yin sallama ta ce Babana ya yi ƙiba, ta ji a takunsa.

Bayan la'asar na buɗe littafi. Ta rera waƙoƙin rawar guda uku, ina rubutawa a hankali, tana tsokanata wai kafin in gama layi ɗaya an yaye yaro. Da muka zo kan rawar kanta, sai ta ce a yi haka, sannan haka, tana motsawa a zaune. Na rubuta iya abin da na gani: a karkata hagu, a karkata dama, a koma baya. Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta, ta ce wannan ai saniya ce ke sosa jiki a kututture.

Na tambaye ta ko babu wata a gidan da ta iya, mu tafi da ita Dutse. Ta ce jikokinta sun ce rawar tsofaffi ce, su ta Indiya suke kwaikwayo, wadda suke gani a bidiyo in sun je Miga. Hansai kuwa tun da aka yi shelar hana kiɗe-kiɗe a kasuwa ta kife ƙwaryar a bayan rumbu, ko a cikin ɗaki ba ta yarda a taɓa. Gwaggo ta ce ita ba ta ji inda aka hana mata farin ciki a tsakaninsu ba, amma wa zai tsaya ya tambaya? Ta ƙarshe da ta koya wa ta bi miji da shanu Kamaru, shekaru ba labarinta. Ita kanta kuma ba za ta iya hawa acaɓa ba.

Ta ce wannan rawa da hannu ake koyar da ita, mai koyarwa ta dafa ƙugun mai koyo. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta.

"Ƙugun wa ka zo da shi, Babana?"

"Nawa kaɗai, Gwaggo."

"To shi ne."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Lahadi: a ƙauye

Na kwana a zauren Bello a kan tabarma, sauro ba yawa. Da safe na je gaishe ta da niyyar sallama. Na ce mata shekarata arba'in da bakwai, ga gemu, ga surukai, a ofis ma ana ce mini Malam. In maganar nan ta fita, da wane ido zan shiga masallacin unguwa? Kuma ina tsoron laifin namiji mai kwaikwayon mata.

Ta ce ba mace ta ce in zama ba. Masinja ne ni a wurin aikina, ana ba ni takarda in kai, ba na zama takardar. Wannan ma saƙo ne, daga ɗakinta zuwa ɗakin Rakiya, ba mai gani sai muharramaina. Sannan ta ɗauki carbi tana murzawa.

"In takarda kaɗai ka tafi da ita, ranar da aka binne ni an binne ta. Ni ba na tsoron tafiya. Tafiya da kayan mutane nake tsoro."

Na tambaye ta ƙarfe nawa gidan ke zama ba kowa.

Lokacin kaka ne, ƙarfe takwas kowa ya tafi cirar gyaɗa. Na ɗauko ƙwaryar a bayan rumbu, na wanke, na kifa ta a kwanon ruwa, na saki labule. Gwaggo ta ciro jigidarta a ƙasan adaka, baƙa mai sulɓi, zagaye biyar. Ba ta kai mini ba, sai da muka ƙara da igiyar rama. Na ɗaura a kan wando, na ɗora ƙoƙo a ka. Ta zauna a kan turmi a bayana, hannu ɗaya a ƙuguna, ɗaya riƙe da ludayi tana kaɗa ƙwarya.

Rawar kashi uku ce. Akwai niƙa, gaba da baya kamar mai niƙa a dutse. Akwai tankaɗe, gefe da gefe da sauri. Sai sauke tulu, wato a yi ƙasa a hankali har tsugune, a sake miƙewa, ƙugu bai tsaya ba. Ta ce in saki gwiwa, in manna tafin ƙafa a ƙasa, in manta ina da kafaɗa. Bugun ludayi na huɗu ƙoƙon ya zubo mini a wuya. Na sake cikawa. Sau tara na cika kafin hantsi.

Ba ta ganina, amma ba na iya yi mata ha'inci. Da sautin jigida take ganewa. In na yi daidai, sautin kamar ana zuba gero a faifai yake. In na yi da kafaɗa, sai ya zama kamar an jefa tsakuwa a gwangwani, nan take ludayi ya sauka a cinyata.

Wajen sha ɗaya muka ji sallama a tsakar gida. Hansai ce ta dawo ɗaukar ruwa. Na daskare a tsakiyar sauke tulu, rabi a tsugune, ƙoƙo a ka. Ta tsaya a bayan labule ta tambayi wa ke kaɗa jigida. Gwaggo ta ce ita ce.

"Ashe gwiwa ta warke, Gwaggo. Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe da baƙo in ya dawo daga yawo."

Takalmana suna bakin ƙofa. Ta ɗebi ruwanta ta tafi, kuma har na bar ƙauyen ba ta ce mini komai ba, sai dai tuwon rana ta ƙara mini malmala ɗaya, wai na yi aiki.

Bayan azahar muka koma. Cinyoyina suna rawar kansu, rigata ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Gab da la'asar na yi niƙa, na yi tankaɗe, na sauke tulu na miƙe, ruwa bai zuba ba. Gwaggo ta ajiye ludayi, ta miƙa hannu ta shafa ƙoƙon ta ji a cike yake.

"Ba kyau," ta ce, "amma ita ce."

Ta sa na sake yi sau biyu don ta zauna mini. Sannan ta ce jigidar ta Rakiya ce, in gaya mata in ta haifi mace ta dafa mata ƙugu tun kafin ta fara jin kunya.

Litinin: komawa gida

Na yi sallama ƙarfe shida da rabi. Bello ya kai ni Miga a kekensa, ya kuma haɗa ni da kwanon gyaɗa da man shanu. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙugu. A motar Jahun direba ya ga ina zaune a karkace, ya tambaya ko faɗuwa na yi. Na ce aikin tsohuwa na taya. Ya ce ai tsofaffin ƙauye ba sa tausayin ɗan birni, su ba ka fartanya tun kafin ka sha ruwa. Na ce wallahi kuwa.

A Jahun na ci shinkafa da wake na naira talatin, na sami motar Dutse sha ɗaya da kwata. Bayan Kiyawa 'yan sandan nan suka sake tsayar da mu, wannan karon har jakunkuna suka duba. Ɗayansu ya zaro jigidar ya ɗaga ta sama, duk motar na kallo, ya tambayi ta wace ce. Na ce ta 'yata ce, aure za ta yi. Ya dubi igiyar ramar da aka ƙara, na manta ban kwance ba. Ya ware ta tsakanin hannuwansa, ya jinjina kai.

"Malam, 'yar taka akwai jiki. Allah ya sa ango ya yi noma bana."

Na ce amin.

Na shiga gida biyu saura kwata. Ko ruwa ban gama sha ba Asabe ta karɓi littafin ta ba Rakiya ta karanta. Waƙoƙi uku suna nan. Asabe ta tambayi ina rawar. Na ce a tura yara maƙwabta, a sa wa ƙofar gida sakata, a kawo ƙoƙo da ruwa.

Ba zan iya kwatanta fuskar Asabe ba lokacin da na ɗaura jigida. Ta cusa gefen mayafi a baki, hawayen dariya na zuba, tana kaɗa ƙwarya da hannu ɗaya. Rakiya ta rufe ido don kunya. Na ce ta buɗe, ba don nishaɗi na je Miga ba. Ta tsaya a bayana ta dafa ƙuguna tana bi. Na gama, Asabe ta ce yarinya ba ta kama tankaɗe ba, in sake. Na sake. Ta ce saura sauke tulu. Na sake. A na biyar gwiwata ta ce ta gama, na zauna daɓas, ƙoƙon ya bi ni.

Na kwance igiyar, na ba Rakiya jigidarta. Tunda namiji ba ya gani, na juya fuskata bango. Asabe ta fara kaɗawa tana rera waƙar farko. Sai na ji gero yana zuba a faifai, tun daga niƙa har ta sauke tulu ta miƙe, ba tsakuwa ko ɗaya. Sai a lokacin na san abin da Gwaggo take nema a jikina ba ta samu ba. Na ce, fuskata a bango, madalla, wahalar sau biyar ba ta tashi a banza ba.

"Baba, ai tun a na biyu na iya. Umma ce ta ce kada in faɗa."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, ban da ƙugu. Na gode wa Bello da kekensa, da Hansai da ta iya riƙe bakinta, da Gwaggo Dije, Allah ya ƙara mata kwana ta ji labarin bikin. Abokan karatuna kuwa da za su karanta wannan, na riga na kai saƙo, ba sauran komai a wurina, kada wanda ya zo mini da ƙoƙo.