Masu Nauyi Daga Baya Suke Isowa

Ranar Litinin, uku ga Mayu 2010, ƙarfe takwas saura kwata, Malam Cha'ibu akawu ya fara ganin Lawwali ɗan Maƙera. Daminar bara ta ƙi, rumbuna sun bushe, ga sojoji sun karɓi mulki a Yamai tun Fabrairu. An buɗe wurin auna yara masu tamowa a bayan gidan likita a Matameye, aka ba Cha'ibu rajista: sunan yaro, garinsu, kilo nawa. Shi kuma da yake mutum ne mai son ƙa'ida, ya ƙara layi guda na lokacin isowa. Sai ga wani dogo mai tabarau, wai shi zai riƙe sikeli. Ya yi rabin awa yana gwada shi da gwangwanin madara kafin ya yarda a ɗora yaro.

"Malam, yara fa za mu auna, ba zinariya ba," in ji Cha'ibu.

"Ai zinariya ta fi yafe kuskure," in ji Lawwali, bai ko ɗago ba.

Sannu a hankali Cha'ibu ya san labarinsa. Ubansa maƙerin fari ne, mai bugun azurfa har ta yi kamar ɓawon albasa, kuma hannun nan Lawwali ya gada. Karatu ya kai shi Turai da bursu, wato tallafin karatu na gwamnati, ya shekara uku a wani ɗakin bincike. Rasuwar uban ce ta dawo da shi gida. Kwana uku da isowarsa aka yi juyin mulki, takardar bursunsa ta maƙale a wani ofishi tana jiran sa hannu. Masu ɗakin binciken suka rubuto cewa za su riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen Agusta, daga nan sai haƙuri.

In an tashi azahar, hirarsa ɗaya ce: mashin ɗin awo da ya baro a Turai.

"Furotin muke aunawa, abin da jikin mutum ke ginuwa da shi, ƙanana da ido ba ya gani. A harba su cikin bututun da aka zuƙe iskarsa. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi daga baya, da haka ake sanin nauyin kowanne."

"To ina wahalar? Ko jakunan Icirnawa haka suke shiga kasuwa."

Lawwali ya yi dariya. "Wahalar tana ƙarshen bututun, wurin faifan da ke jin isowarsu. Ƙanana da gudu suke bugunsa, sai ya ji. Manyan da suka haɗu dunƙule a hankali suke zuwa, su taɓa shi bai sani ba. Takarda ta fito fayau, ka ce babu kowa."

Shekara biyu ya yi yana gyara wani faifai siriri wanda ko taɓi kaɗan ke sa shi rawa. Ya bar shi cikin akwati a kan kanta, saura kwana huɗu a gwada. In ya zo nan a labarin sai ya riƙa murza yatsunsa kamar abin na tsakaninsu.

Kowace Alhamis yakan hau mota zuwa Damagaram ya tambayi takardarsa. Cha'ibu ya ƙirga zuwa goma sha takwas. Ya daina tambayarsa yadda aka yi, tun daga tasha tafiyarsa ke ba da amsa.

Cikin Yuli, Cha'ibu na bin rajista sai ya lura ƙauyukan bayan Kurni kusan babu sunansu.

"Ko dai can sun ƙoshi ne?" ya ce.

Lawwali ya ja littafin, ya bi layin lokaci da yatsa. Sunayen nesa 'yan kaɗan ne, kuma duk dab da ƙarfe biyu, lokacin da ake rufewa.

"Takarda fayau ce, Malam. Mu ne ba mu ji su ba."

Ran nan ba su sauke sikeli ba. Bayan la'asar sai ga mata uku sun iso a ƙasa, kowace da goyo, ɗaya har da wani a kafaɗa. Yaran ba sa ko kuka. Wata mai suna Fadima ta ce sau biyu tana zuwa tana tarar da ƙofa a rufe. Daga ranar sai magariba ake tashi. Zuwa ƙarshen azumi Cha'ibu ya rubuta yara ɗari biyu da goma sha ɗaya da suka iso bayan ƙarfe biyu.

Takardar bursun ta fito ranar Talata, goma sha huɗu ga Satumba. Mako biyu ke nan da aka ba wani gurbin.

A Janairu wasiƙa ta zo wa Lawwali daga ɗakin binciken a Turai, takarda ɗaya ciki, sakamakon gwajin faifansa: dogon layi kwance, can ƙarshensa na dama ya miƙe tsaye kamar suri. Lawwali ya daɗe yana dubanta a bakin ofishin Cha'ibu.

"Faifan ya ji su," ya ce. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ko sau ɗaya ne, da ina tsaye a wurin."

Lawwali bai koma Turai ba. An rufe wurin auna yara bayan kaka, ya sami aikin koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Matameye, yana can har yau. Ya auri Sa'a, 'yar ƙanwar Cha'ibu, 'ya'yansu uku. Takardar gwajin tana cikin gilashi a bangon ɗakinsa. Bai sake ganin mashin ɗin ba.