Shingen Furen da na Raina da Hannuna

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ranar da akuyar maƙwabciyata ta faɗi a ƙofar gidanmu ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa a unguwar Kalakla ba. Na yi ɗan lambun kuɓewa da rama a gefen gida, amma awakin unguwa suka hana ni sakat. Sai maigidana, wanda ke ɗinki a Kasuwar Umdurman, ya biya Soba wajen masu sayar da dashe, ya sayo wasu 'yan itatuwa masu dogon ganye. Mai sayarwar ya ce masa suna jure rana, kuma akuya ba ta kusantarsu. Ba mu tambayi dalili ba, murna kawai muka yi.

Na kula da su kamar 'ya'yana. Ban ruwa safe da yamma, taki, aski da almakashi in sun yi tsawo. Suka haɗe suka zama shinge, suka yi fure ja-ja mai kyau, har masu wucewa kan tsaya kallo.

Ran nan da hantsi na yi musu aski, na share ganyen tare da ciyawar da na cire a lambu, na zubar a waje. 'Yata, wadda ba ta isa shiga makaranta ba, tana zaune a inuwa tana wasan girki da gwangwanaye.

Bayan azahar na ji salati a ƙofa. Na fita na tarar da maƙwabciyata, wata dattijuwa, durƙushe kan akuyarta. Akuyar na kwance tana karkarwa, kumfa na fita daga bakinta.

"Ya bitti, 'yata, me kika zubar a nan?" ta tambaye ni.

"Ciyawa ce, Hajja, da ganyen shinge."

Ta dafe ƙirji. "Ya Sattar! Ai wardil hamir ne, guba ne tun daga saiwa har fure. Na ɗauka kin sani!"

Nan take na tuna ɗazu yarinyar ta kawo min gwangwani da koren ruwa da ganyen shingen a ciki, ta ce, "Umma, ga shayinki." Na yi kamar na kurɓa, na ce ya yi daɗi, na ci gaba da aikina.

Da gudu na koma ciki. Tana kwance a tabarma, ta yi amai a gefenta, jikinta ya saki.

"Kin sha shayin nan?"

"Kaɗan," ta ce da ƙyar. "Akwai ɗaci. Umma, cikina."

Ban san lokacin da na suri yarinyar ba, ko takalmi babu. Hajja ta karyo reshe ɗaya ta naɗe a mayafinta, ta tare mana raksha, wato keke mai ƙafa uku. Hanyar ta cushe da motoci, rana kamar wuta, amma jikin 'yata sanyi ƙalau. Ina kiran sunanta, sai ta buɗe ido ta sake rufewa. Na sa kunne a ƙirjinta, na ji zuciyar na bugawa a hankali, tana yi tana tsayawa. Addu'a ma ta kakare min, sai "Ya Allah" kawai nake iya faɗi.

A asibiti likita na ganin reshen, fuskarta ta sauya. Suka karɓi yarinyar daga hannuna, suka manna mata wayoyi a ƙirji, suka rufe ƙofa. Na zauna a ƙasa a bakin ɗakin. Maigidana ya iso da zare maƙale a rigarsa, ya tsaya kaina.

Gab da magariba likitar ta fito ta ce bugun ya fara daidaita. Ta ce ɗacin ne ya cece ta, da ta ƙara kurɓa biyu, da wani labarin ake yi. Ta kuma gargaɗe mu kada mu ƙone itacen, don hayaƙinsa ma cuta ne.

Akuyar ba ta kai la'asar ba. Yarinyar kuwa an sallame ta bayan 'yan kwanaki, yanzu ta girma, ba ta ma tuna abin. Maigidana ya sa safar hannu ya tumɓuke shingen kaf, ya binne a rami mai zurfi, ina tsaye ina kallo, ko kaɗan ban ji tausayin furen ba.

Tun daga ranar, ba na barin a dasa komai a gidan da yara ke wasa sai na san sunansa da halinsa. In kuwa aka ce min dabba ba ta cin wani ganye, sai na tambaya me ya sa.