Hanyar da Dada Take Zanawa a Toka

Ƙaurin busasshen kashin shanu, wanda ake turarawa don korar sauro, shi ne yake fara mayar da ni Burumburum. Bayan sallar isha'i mukan kewaye wuta a ƙofar bukkar Dada, kakata ta wajen uba, Bafulatanar da ta daina bin garke tun kafin a haife ni.

Dada ba ta yin tatsuniya da baki kaɗai. Takan jawo tokar da ta huce, ta baje ta da tafin hannu, ta ɗauki tsinken kara.

"Ga ta nan tafe gare ku."

"Ta iso, Dada."

"To, idanu ƙasa. Ba na magana da mai kallon sama."

Labaranta suna da yawa, amma guda ɗaya ba ya tsallake mako. Wata farar saniya ce ta haifi maraƙinta na fari a hanya, garke yana dawowa daga kudu da farkon damina. Maraƙin ya kwanta a gindin tsamiya, bai sake tashi ba. A wannan garken kuwa abin kunya ne saniya ta yi kukan ɗan fari, ko waiwaye ba a yarda ta yi ba. Sai ta bi sahu shiru, tana satar kallon hanya da gefen ido don kada ta ɓace mata.

Tana faɗa tana zanawa: ga inda rafi ya lanƙwasa, ga duwatsu biyu kamar masu gaisawa, ga tsamiya. Sai ta shafe, ta miƙo tsinken.

"Wa zai mayar mini da saniyar nan wurin ɗanta?"

Abin da take so ke nan, hanyar ta zauna a hannun ɗayanmu. Mu kuwa dariya muke yi, yayyena su sa wa tsamiyar ƙaho.

Shekarar da maƙwabcinmu ya sayo talabijin mai aiki da batirin mota, yaran gidan suka koma can. Idon Dada kuma ya fara yin yana. Ni kaɗai na rage, ni ma sai lokacin hutun makarantar kwana. Ina tausayin labarin, saboda haka na rubuta shi kaf, ban bar kalma ba, na karanta mata.

"Daɗi kam akwai, 'yar boko," in ji ta. "To, rafin hagu ya juya ko dama?"

Na duba takardar. Ba ta taɓa faɗin hakan da baki ba.

"Tururuwan nan naki na kan takarda ba su san hanya ba. Matso, duba nan."

Na matso, na zuba ido sosai tana zane a toka. Amma hannunta yana tafiya a inda idonta ba ya kaiwa. Rafin ya hau kan duwatsun, tsamiyar ta faɗa cikin ruwa.

"Ya fito?"

"Ya fito, Dada."

Ta yi ajiyar zuciya, ba ta shafe ba. Kafin hutu na gaba ta rasu.

Na daɗe ina ɗaukar labarin darasin haƙuri ne. Sai ranar sunan ɗana na fari, ƙanwar Dada ta zo daga Doguwa, ta same ni ina kiran sunansa ina yi masa rawa.

"Kai, 'yan zamani, ba kunya! Dada har ta koma ga Allah ba a ji sunan ɗanta na fari a bakinta ba."

"Baba?"

"Babanki ai na biyu ne. Na farin a daji aka binne shi, muna kan hanya da shanu. Gindin wata tsamiya. Ni ina ƙarama, ita kaɗai ta riƙe wurin."

Takardar tana nan a akwatina. Kowace kalma tana ciki. Babu hagu, babu dama.