Shuɗin Sawun Kaza

Mu shida ne a tsakar gidana ranar nan: ni, da ƙanin mijina marigayi, da limamin unguwarmu, da 'yata da ke aure a bayan kasuwa, da matar ɗana, da mahaifinta wanda ya taso daga Kakangi tun da hantsi. Wayata tana kan cinyata, na dafe ta da hannu. Magana ɗaya ta tara su. Suna so in yarda a kai batun ɗana gaban alƙali a sallami matarsa, don damina biyu ke nan da ɓatansa, ba gawa, ba labari.

Ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Tun yana yaro maganata da shi ba ta wuce ka ci, ka tashi, ka dawo da wuri. Haka aka raine mu. Da ya girma ya buɗe shagon kayan waya kusa da tasha, yana sayar da caja da rigar waya da gilashin kare fuska da abin sauraro na kunne da batirin ajiya. Ranar kasuwa ya ɗaure kwali a bayan mashin ya shiga ƙauyuka.

Ranar da ya kawo mini waya mai shafe-shafe na ce ya mayar da kayarsa. Na ga abin da take yi wa yaran unguwa, babba na magana kansu na ƙasa. Ban san ko baƙi ɗaya na karatu ba, me zan yi da ita? Bai musa mini ba. Ya kifa turmi ya zauna, ya yi ta shafa, sai da rana ta juya. Da ya miƙo mini sai na ga ya share duk tarkacen da ke fuskar wayar, ya bar abu uku manya-manya: fitila, da wurin jin karatun Alƙur'ani, da fuskarsa a cikin ɗan da'ira. Ya ce in na danna fuskar, in riƙe koriyar alamar da ke ƙasa in yi magana, in na saki maganar ta tafi. Ya nuna mini wasu 'yan zane a gefen saƙo, na ce masa wannan ai sawun kaza ne. Ya yi dariya ya ce to, sawu ɗaya saƙo na hanya, sawu biyu ya isa, in sun yi shuɗi ya saurara.

Ya kuma yi wata shaƙiyanci da ban sani ba sai da yamma. Ina tankaɗe sai na ji muryarsa daga cikin zanina: "Inna, ni ne." Na waiga, ba kowa. Ashe ya ɗauki muryarsa ya sa ta zama ƙarar shigowar saƙonsa. Na ce ya cire, wannan rashin ta ido ne. Ya ce gobe. Goben ba ta zo ba, ni kuma ban sake tuna masa ba.

Abin da ban iya faɗa masa ido da ido ba, sai ga shi ina faɗa wa waya. In ce ya bi hanyar da mutane ke bi, kada ya kai magariba a daji, ya sayo wa matarsa man shafawa. Shi kuma ya amsa da tsokana, wai Inna ta zama 'yar birni.

Ya tafi kasuwar Kuyello wata rana, bai dawo ba. An tsinci kwalinsa a bakin hanya, cajoji a warwatse cikin ciyawa, ba shi, ba mashin. Mutanen daji in sun ɗauki mutum sukan kira. Mu ba wanda ya kira mu. Kowa a garin nan ya san ma'anar haka, ni ma na sani, amma na ci gaba da danna fuskarsa kullum bayan sallar asuba. Ana cikin haka aka ɗauke sabis a yankinmu gaba ɗaya, saƙonnina suka taru ba su tafi ba. Ban fasa ba. Ina kai wayar caji wurin mai sola, in zauna a gefe ina kallonta, don ban yarda wani ya shafa ya ɓata mini tsarin da ya yi ba. 'Yata ta taɓa cewa za ta sabunta mini wani abu a ciki, na ce in ta taɓa sai na karya mata yatsa.

Da sabis ya dawo, sawu ɗaya ya tsaya tsawon lokaci. Wata safiya na duba, sai na ga duk sun yi shuɗi, daga na farko har na ƙarshe. Daga ranar kowane saƙo na tura sai ya yi shuɗi kafin azahar. Amsa dai ba ta zuwa. Na ce a raina suna tsare da shi ne, sun bar shi ya ji, sun hana shi magana. Na riƙa ba shi labarin gida: katangar baya ta faɗi, 'yarsa ta fara tafiya, masara ta yi kyau bana, matarsa na nan ba ta ko leƙa ƙofa.

Da wannan na tare su ranar taron. Mahaifin yarinyar ya yi magana cikin ladabi, ya ce 'yarsa ta rame, ƙuruciyarta na tafiya, shi ba ya neman kowa da sharri. Liman ya kawo abin da shari'a ta ce game da matar wanda ya ɓata. Ƙanin mijina, da yake abokin wasa ne, ya ce Yaya, tun kina amarya kike da taurin kai, amma wannan ba taurin kai ake wa ba. Na ce masa shi da ko akuyarsa bai iya tsarewa ba, ba shi zai koya mini tsaron gida ba. Ita yarinyar tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe fuska, 'yarta na barci a cinyarta.

Na ce su matso su gani da idonsu. Na danna fuskarsa, na riƙe alamar, na ce: "Ga su nan sun taru za su raba ka da matarka. In kana ji na, yau kam ka yi magana, ko tari ne."

Na saki. Sawu ɗaya, sawu biyu. Ba a jima ba suka yi shuɗi. Na ɗaga wayar na nuna wa liman, na nuna wa surukina.

Suna cikin dubawa sai wayar ta ce, "Inna, ni ne."

Yarinyar ta miƙe tsaye har 'yar ta farka. 'Yata ce ta karɓa ta danna mini, ban hana ta ba. Muryar mace ce ta fito, Hausarta da harshen Fulatanci a ciki, tana magana a hankali kamar mai tsoron a ji ta.

"Inna, ki yafe ni don Allah. Ba ɗanki ke saurare ba, ni ce."

Ta ce mijinta ya sayi wayar a wata kasuwar ƙauye, hannun mutumin da bai sani ba. Ita ma ba ta karatu, ta ga abu na shigowa ta danna, sai ta ji muryar tsohuwa tana cewa kada ka kai magariba a daji. Ta ce tata uwar ta rasu shekarar da aka tashe su daga rugarsu, shi ya sa ta kasa daina saurare. Mijinta ya hana ta amsawa, yana tsoron a ce su suka ɗauke mai wayar. Amma yau ta ji batun matar ɗana, ta ga in ta ƙara yin shiru alhakin zai hau kanta.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na karɓi wayar na tambaye ta abu ɗaya, wace irin riga ce a jikin wayar lokacin da aka sayo ta. Ɗana yana sayar da sababbi iri-iri, amma tasa tsohuwa ce, baƙar roba, gefe ɗaya ya narke ranar da ya ajiye ta a kan dutsen murhuna yana kankarar ƙanzo a tukunya. Muryarsa ta sake cewa Inna, ni ne. Matar ta ce baƙa ce, kusurwarta ta ƙasa kamar wuta ta lashe ta, har yanzu ita ce a jiki.

Liman ya yi salati. Ƙanin mijina ya buɗe baki, na kalle shi, ya rufe. Na ce musu sayar da waya ba shaidar mutuwa ba ce, Allah kaɗai ya san inda yake. Amma abin da nake riƙe yarinyar nan da shi shuɗin nan ne, ga shi kuma ba nasa ba ne. Na ce su tashi su tafi, ina da aiki. Ban iya cin komai ba har gari ya waye.

Da safe bayan sallah yatsana ya tafi kan fuskarsa da kansa, kamar kullum. Na tsaya ina kallonsa, hularsa a karkace. Na riƙe alamar na ce wa matar na yafe mata, Allah ya ji ƙan mahaifiyarta, amma kada ta sake turo mini saƙo, don duk abin da ya fito daga wayar nan da muryarsa yake sallama.

Sannan na ɗaura zani, na goya jikata, na tsaya a ƙofar ɗakin uwarta na ce, "'Yar nan, ɗauko mayafinki. Ni zan raka ki wurin alƙali."