Kujerar Direba a Motar Mukhtari

Yayana Malam Zainulabideen ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a firamare, akasari a Gidan Katta, amma a Illela ba mai kiransa malamin lissafi. Mai Jirage ake ce masa. Shi kuwa ko filin jirgin Sakkwato sau ɗaya ya taɓa zuwa, shi ma rakiyar alhazai.

Abin ya samo asali ne tun yana saurayi, daga wani kwali da ya tsinta cikin kayan gwanjon da aka shigo da su daga Ƙonni. A ciki akwai gutsattsarin roba manne da juna, da takarda mai zane da rubutun Faransanci. Ya yi sati uku yana ɓalle su da reza, yana gogewa, yana haɗawa da gam, sai ga jirgin sama da bai wuce kamu ɗaya ba. Daga ranar bai sake warkewa ba. In an samu irin kwalin ya saya, in babu ya yanka tsohuwar jarka ko fasasshen bokiti ya ƙera da kansa. Kuma ba ya aiki da ka. Sai ya je tasha da abin awonsa, ya auna mota gaba da baya, ya raba kowane awo gida talatin da biyar. Ni tela ne, na san awo, amma ban taɓa ganin dattijo da furfura ya kwanta ƙarƙashin motar albasa yana ƙirga notoci ba sai shi. Kunya ta sha kama ni.

Duk wanda ya shiga ɗakinsa yakan lura da abu guda. Jirage da motoci sun fi arba'in a jere kan katako, amma ko ɗaya ba shi da matuƙi. Kwalayen na zuwa da ɗan mutum-mutumin roba da ake zaunarwa a kujera, shi kuwa cire shi yake yi. Mahaifinmu malami ne mai makarantar allo. Ranar da ya ga jirgin farko ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya taɓa ɗan matuƙin da farce ya ce, "Jirgi da mota, yi abinka. Amma kak ka siffanta mai rai." Yaya ya yi masa alkawari. Daga baya wasu malamai sun ce masa akwai sassauci a maganar, ya ce shi ba da su ya yi alkawari ba.

Bara bayan babbar Salla Shahida ta zo. 'Yar Mukhtari ce, amininsa tun na ƙuruciya, direban motar albasa da ciwo ya ɗauke tana shekara shida. Yanzu ta gama karatun jinya, aure zai kai ta Ƙonni. Ina zaune ta gaishe mu, ta miƙa masa wani hoto da ya koɗe, motar ce kawai a jiki.

"Baba Zainu, so nika ka yi min motar babana in tahi da ita."

"Wanga mai sauƙi na," in ji shi.

"Da shi ciki." Ta sunkuyar da kai. "Huskatai ta hwara ɓace min. In na ruhe ido motar nika gani, shi ba ni ganinai."

Yaya ya ajiye hoton a gefe. Da ta fita na taso masa, don ni ba ni da haƙurinsa. Na ce, "Yaya, mi za ya hwaru? Marainiya ta. Baba kuwa shekaratai ashirin a ƙasa."

"Shi na abin, Jabir," ya ce. "Da yana da rai, sai in koma in roƙe shi."

Na ji haushi, na kuma ji tausayinsa, don na san ko ya saɓa wa Baba ko ya mayar da 'yar Mukhtari da kujera wayam, ba zai yafe wa kansa ba.

Wata biyu ya yi a kan aikin. An daɗe da sayar da motar Mukhtari ga masu gwangwan, sai da ya je har Garu ya auno irinta. Ya yi bodin katako da siraran roba, ya shafa koren fenti, ya kankare shi a inda buhuna ke gogawa. Ya ɗaure ƙofar baya da zare kamar yadda Mukhtari ke ɗaure tasa da igiya. Kan motar ne ya hana ni gani.

Saura kwana uku biki Shahida ta dawo, Yaya ya yaye ƙyallen da ya rufe motar da shi. Idona ya tafi kai tsaye kan kujerar direba. Ba kowa. Na ce a raina, shi ke nan, taurin kai ya yi aikinsa.

Ita ba ta ɗago ba. Ta durƙusa har idonta ya yi daidai da tagar. Ƙofar direba a buɗe take. A kan kujera ga wata jar hula da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ƙugiyar da ake rataye buta ba komai a jikinta, bayan kujera inda dardumar salla ke zama ma wayam. An tare tayar gaba da ɗan dutse.

"Ya sauka salla," ta ce a hankali. Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Haka yaka yi. Shi aje hulla, shi bar ƙohwa buɗe, shi ce in tsare mai ita kar iska ta ɗauka."

"Shekara goma sha huɗu ina ganin haka," in ji Yaya. "Ban taɓa ganin ya ruhe ta ba."

Ni da na zo da shirin faɗa sai na ɗauko kwali don in sa mata motar. Ba ta shiga ba, ƙofar ta tokare. Na kai yatsa zan tura ta, Shahida ta riƙe min hannu.

"Bari, Baba Jabir. Bai gama ba."

Sai na fita neman kwalin da ya fi wannan girma.